Baitin Da Bai Rera Ba

Maigidana ya je Kuala Lumpur ne don ya karanci ƙasar noma, yadda take riƙe ruwa da yadda take sakinsa. Hukuma ce ta tura shi daga kwalejin da yake koyarwa, ni kuma na bi shi bayan wata takwas da ƙullin kuka da daddawa. Muna zaune a hawa na sha ɗaya a Wangsa Maju, tagarmu tana kallon layin jirgin ƙasa na cikin gari, LRT. Allah bai ba mu haihuwa ba. Mu biyu ne a gidan, sai jitarsa.

Tun kafin aurenmu aka gaya mini yana kaɗa jita, da irin muryar da ake gaya wa yarinya cewa manemin nata yana shan taba. Mahaifinsa direban babbar mota ne, yana ɗaukar auduga daga Funtuwa zuwa kudu. A gaban motar akwai kaset-kaset na waƙoƙin kantiri, irin na Amurkawan karkara masu malafa, inda mutum ɗaya zai zauna da jita yana ba da labarin hanya da na wanda ya tafi bai dawo ba. Tsohon ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya. Cewa yake muryar ce ke hana shi gyangyaɗi a kan sitiyari. Da wannan sautin maigidana ya tashi, da ya girma sai ya riƙa sa masa kalmomin Hausa.

Da korona ta zo aka rufe gari, aka rufe ɗakin gwajinsa da tukwanen ƙasarsa a ciki. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida. In ya dawo ya wanke hannu ya wanke ledoji, sai ya zauna a teburin cin abinci da jita da littafin rubutu. Ni ina kicin ina jin layi ɗaya sau talatin. Wani lokaci nakan leƙo in ce, “Malam, don Allah motar nan ta isa Zariya haka nan, tun safe take Giwa.”

Ya ce, “Hajiya, lodi ya yi mata yawa.”

Ban taɓa zuwa Makka ba. Shi ya naɗa ni.

Da aka ɗan sassauta dokar, ya samo wani situdiyo a Danau Kota, a saman shagon wanki. Mai shi dattijo ne Bamale, ɗan asalin ƙasar, Pakcik muke ce masa, wato kawu. Masu waƙar biki da masu waƙar yabo yake ɗauka, kuma cutar ta kashe masa kasuwa. Yadda yake aiki shi ne, a fara ɗaukar jita ita kaɗai daga farko har ƙarshe. Bayan nan mawaƙi ya shiga wani ɗan ɗaki mai soso a bango, ya sa abin kunne, yana jin kiɗan da ya riga ya yi, ya ɗora murya a kai. Jita daban, murya daban, sai a ƙarshe a haɗa su. Waƙa tara suka yi a haka.

Sau ɗaya na bi shi, ranar waƙa ta uku. Na zauna a benci da takunkumi a fuska, ina kallonsa ta gilashi. Waƙar mahaifinsa ce, baiti huɗu. Na farko hanya, na biyu motar, na uku ranar da aka kawo motar gida ba shi a ciki. Na huɗu kuwa na san shi daga littafin. Yana jarrabawa a Zariya aka yi rasuwar, kafin ya iso an rufe. Ya tsuguna a bakin kabarin ya ɗebi ƙasa, sai ya tsinci kansa yana murza ta tsakanin yatsu kamar yadda aka koya musu a aji, don ya gane yashi ya fi yawa ko yumɓu. Wannan kunyar ce baiti na huɗu.

Ya rera ukun farko lafiya. Da aka zo na huɗu ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Jitar ta ci gaba ita kaɗai a kunnensa da namu, ta yi baitin gaba ɗaya, shi yana tsaye da hannu a kan abin kunne har ta gama.

Pakcik ya danna maɓalli ya ce masa ba komai, a sake.

Maigidana ya ce a'a, a bar shi haka.

Pakcik ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi ni, ya ce, “Boleh.” Wato ya yiwu. Haka faifan ya fita. A waƙa ta uku, bayan baiti na uku, babu murya sai jita, kusan minti guda.

Ya ɗora faifan a intanet, ya tura a guruf ɗin ƙungiyar ɗalibanmu 'yan arewa. Aka yi ta turo hoton babban yatsa. Bayan kwana biyu shugaban ƙungiyar ya kira shi.

Dakta ake ce wa shugaban nan. Yana shekara ta bakwai a karatun da ake yi a shekara uku, amma tun a ta biyu ya karɓi sunan, kuma ba wanda ya nemi ya dawo da shi. Hausa ya karanta a digirinsa na farko, saboda haka duk abin da ya shafi harshe a yankinmu na Setapak gabansa ake kaiwa. A lokacin kullen ƙungiyar ta ƙirƙiro lacca ta bidiyo kowace Asabar bayan la'asar. Duk wanda ya shiga, ko da ya kashe kyamara ya tafi wanka, za a turo masa takardar shaida ya sa a fayil ɗin ƙarin girma. Sun yi lacca a kan wanke hannu, sun yi a kan yadda ake rubuta manazarta, har sau biyu. Batu ya ƙare musu. Sai ga faifan maigidana.

Dakta ya ce za su yi masa bita, amma ya turo kalmomin a rubuce don sauƙin masu nazari. Maigidana ya zauna ya buga su daga littafinsa, waƙa tara, yadda ya rubuta su tun farko, har da baiti na huɗun da bai rera ba. Bai kawo komai a ransa ba.

Ranar Asabar ya goge farin kaftani, ya sa hula, ya jera littattafai a ƙarƙashin kwamfuta don kyamarar ta daidaita da fuskarsa. Shekara huɗu muna garin ban ga ya yi wa wani taro wannan shiri ba. Na zauna a gefe inda ba za a gan ni ba.

Tun kafin a buɗe da addu'a aka fara.

“Kaboyin Funtuwa! Ina ka ɗaure dokin, a fakin?”

“Malam, malafar fa? Ko kwastan sun riƙe?”

Ya yi dariya tare da su. Wannan bai dame ni ba, abokan wasa ne, kuma ko ni na yi masa wadda ta fi ta.

Sai Dakta ya gyara murya ya ɗora takardar a allo. Ya yi minti arba'in. Ya ce waƙoƙin ba su da mabuɗi, ba a fara da sunan Allah da salati ba. Ba su da marufi. Amsa-amon waƙa ta biyu ya karye a wuri uku, ya ja musu jan layi. Ya ce jigon bai fito ba, babu gargaɗi, babu wayar da kai, mutum kawai yana tuƙa mota yana baƙin ciki, to al'umma me ta ƙaru da shi? Ya ce, “Malam, gaskiya in a viva ne, wurin kare digiri, wannan major correction ne, wata shida.” Aka yi dariya, wasu suka buɗe makirufo musamman don a ji tasu.

Daga nan ya gangaro waƙa ta uku.

“Baiti na huɗun nan shi ne babbar matsalar. Na farko, zancen murza ƙasa a maƙabarta bai dace ba. Na biyu, yadda ka rera shi. Ka yi sauri, Malam. Ka haɗiye kalmomi kamar jirgi zai bar ka. Ni sai da na maimaita wurin sau uku kafin na kama abin da kake faɗa.”

Wani ya ce, “Wallahi ni ma na lura da wannan.”

Wani ya ce, “Exactly, Dakta.”

Na dubi maigidana. Fuskarsa ba ta canza ba, sai dai ya sa hannu ya gyara hular da ba ta karkace ba. Mutum talatin da wani abu ne a taron nan, masu digiri biyu-biyu, kuma ba wanda ya kai waƙa ta uku. Ina shakkar ko akwai wanda ya gama ta farko.

Aka ba Ustaz dama. Shi harkar bankin Musulunci yake karanta, shi ke jan salla in an taru. Ya ce shi bai saurara ba kuma ba zai saurara ba, don akwai kiɗa. Na ɗan ga girmansa a wannan lokacin, ko ba komai bai yi ƙarya ba. Sai ya ci gaba ya yi minti ashirin yana bayanin illar abin da bai ji ba. Matarsa ƙawata ce a lokacin. Na san irin fassarar finafinan Indiya da ake kallo a gidansu bayan azahar, kuma ba a rage sauti in an zo wurin rawa.

Da aka ce maigidana ya mayar da martani, cewa ya yi, “Na gode, Dakta. Na gode, Ustaz. Za a gyara.”

Ya rufe kwamfutar, ya cire hula ya ɗora a kan littattafan. Ya ce, “Hajiya, kin ji ashe sauri na yi.”

Na ce, “Me ya hana ka faɗa musu?”

Ya ce, “In faɗa musu me? Dakta fa iyalinsa suna jin sa.”

Ya tashi ya wanke kwanukan rana, abin da ba aikinsa ba ne ranar. Washegari Dakta ya tura bitar a rubuce, shafi shida, har wata jaridar intanet ta gida ta ɗauka. A guruf aka yi ta sa albarka, ana cewa Dakta ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Maigidana ma an turo masa takardar shaidar halarta.

Bai daina kaɗa jita ba, ba zan ƙara wa labarin abin da babu ba. Amma ya koma rufe ƙofar ɗaki in zai kaɗa, kuma bai sake rubuta sabuwa ba.

A shekara ta biyu da zuwan korona cutar ta dawo da ƙarfi. Ya kwana huɗu a gida da zazzaɓi, a rana ta biyar mutane biyu cikin fararen riguna na leda suka sauka da shi a lif. Daga bakin ƙofa aka tsayar da ni, don ni ma an sa mini abin hannu na killacewa. Kwana tara yana asibiti. Da hantsi aka kira ni, ina yanka albasa.

Ban wanke masa ko ƙafa ba. An ce an yi masa taimama a kan jakar da aka sa shi, ma'aikata suka yi masa salla, suka rufe shi a wata maƙabarta da ban taɓa jin sunanta ba. Aka turo mini hoton tudun jar ƙasa da ɗan katako mai lamba. Na daɗe ina kallon ƙasar nan a waya ina buɗa ta da yatsu biyu. Da shi ne da ya gaya mini irinta.

Na shiga takaba a garin da kowa ke kulle, saboda haka ba wanda ya ga bambanci. Matan ƙungiya sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba, suna aiko da abinci a rataye mini a ƙofa. Gaisuwa kuwa ta bidiyo aka yi, Dakta ya jagoranta, ya ce marigayi mutum ne mai karɓar gyara.

Abin da nake yi a kwanakin nan shi ne, in na idar da walaha sai in kunna faifan, in zauna a kujerarsa har ya ƙare. Bayan la'asar in sake.

Ana saura kwana biyu a yi arba'in matar Ustaz ta kira, ta ce ga Ustaz zai yi mini magana.

Ya ce, “'Yar'uwa, ya ƙarin haƙuri? Magana ce mai nauyi, amma amana ce. Abin nan da marigayi ya bari a intanet. Kin san duk wanda ya danna ya ji kiɗan nan, akwai kason da ake kai masa har inda yake kwance. Shi yanzu ba ya iya cirewa. Ke ce za ki taimake shi.”

Na ce na ji.

Ya ce, “Mun tattauna a shura, kowa ya damu.”

Da ya ajiye na buɗe shafin na duba adadin waɗanda suka saurara. In aka cire nawa, ba su kai yawan waɗanda suka karɓi takardar shaida ranar bitar ba. Jama'ar da Ustaz ke tsoron suna ɗora wa maigidana kaya, ni ce. Ni kaɗai, safe da yamma, a kujerarsa.

Karatuna sakandare ne da Islamiyya. Na san malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, maigidana ya sha faɗa mini, har da sunayen littattafai. Amma shi ya san littattafan, ni ban sani ba, kuma ba ya nan balle in tambaya. Na raina Ustaz, na raina shurarsa, amma raini bai hana maganar zama a ƙirjina ba. Ban yi jinyarsa a asibiti ba, ban ga fuskarsa ba, ban san hanyar kabarinsa ba. Wannan ne abu na farko da wani ya ce ina iya yi masa.

A ranar na sauke faifan daga intanet. Wannan bai yi wuya ba, ba wanda zai neme shi. Na kwana uku ban kunna nawa ba. Gidan ya zama babu komai sai ƙarar jirgi yana wucewa ba kowa a ciki. A rana ta huɗu na tuna yadda Pakcik yake aiki, jita daban, murya daban, na kira shi ta bidiyo.

Da guntun Malayancina na kasuwa da guntun Turancinsa muka fahimci juna. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce ya yi masa salla daga nesa. Na ce ina so ya ba ni muryar ita kaɗai, jitar kuma ya goge ta, a wurinsa da wurina.

Ya ce murya ita kaɗai, boleh, yanzu ma zai turo. Amma gogewa don me? Ya ajiye a wurinsa, ba mai ji.

Na ce in tana nan, wata rana zan roƙe shi, kuma zai ba ni.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce, “Puan,” haka suke ce wa matar aure, “shekara arba'in ina wannan aiki, kuma ban bar salla ba. Wannan hannunsa ne fa. Murya bakinsa, wannan hannunsa.”

Na ce na sani.

Ya juya wayar ta kalli allon kwamfutarsa. Kowace waƙa layi biyu ce, shuɗi a sama, kore a ƙasa. Ya ce koren shi ne jita. Ya ce shi ba zai goge da ra'ayinsa ba, ni zan ce, shi ya danna. Sau tara ya tambaye ni, sau tara na ce e. A ta uku ya daɗe bai danna ba. Da muka gama na goge nawa yana kallo.

Da la'asar ya turo. Murya ba kiɗa wani abu ne daban. Ana jin inda ya ja numfashi, ana jin leɓɓansa suna rabuwa kafin kalma, da ɗan ƙirgen da yake yi ƙasa-ƙasa kafin ya shiga. Kamar yana ɗaya ɗakin ne ƙofa a buɗe. Na ji ta ɗaya, na ji ta biyu. A ta uku ya rera hanya, ya rera motar, ya rera ranar da aka kawo ta gida. Daga nan shiru.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Baitin nan jita ce ta rera shi, kuma ni na ce a danna. Dakta ya soki baitin bai ji shi ba. Ni na ji shi ya fi sau ɗari, na san abin da yake, na sa aka goge.

Bayan na fita takaba, ina haɗa kaya, Dakta ya kira. Labari ya kai masa ta wurin mata cewa an tsarkake waƙoƙin, kalmarsa ke nan. Ya ce yanzu sun zama rubutattun waƙoƙi na sosai, yana so ya rubuta maƙala a kansu, waƙar Hausa a ƙasashen waje, za a sa sunan marigayi a godiya. In turo masa muryar.

Ya ce, “Musamman baiti na huɗun nan, Madam. Na sake komawa kansa, akwai zurfi. Lokacin ban ba shi haƙƙinsa ba.”

Na ce, “Har yanzu kana ganin ya yi sauri, Dakta?”

Ya ce, “To, saurin ma ai salo ne. Yana nuna firgici. Zan kawo wannan a maƙalar.”

Na ce ai yana da takardar, ita ya saba ji, ta ishe shi. Na ce ya gaida iyali.

Jitar na bar wa Pakcik, ban iya sayar da ita ba, ban kuma iya shiga jirgi da ita ba. Kafin in taso ya ɗauke ni a motarsa shi da matarsa, muka nemo maƙabartar da lambar katakon. Ƙasar ja ce, tana kama yatsa. Iyakar abin da na iya ganewa ke nan.

Yanzu ina gidanmu, kuma ina sauraron muryar yadda na ga dama, ba wanda ya isa ya ce akwai kiɗa. Sai dai akwai abin da na gano daga baya. Ranar da ya tsaya a ɗan ɗakin nan bai rera ba, abin kunnen bai zauna masa daidai ba, ya ɗaga gefe ɗaya da hannu. In na kai wurin shirun na ƙure sauti har ƙarshe, na danna wayar a kunnena, bayan numfashinsa akwai wani ɗan sauti siriri, kamar sauro a wani ɗaki. Jitar ce take tsiyayowa daga abin kunnen zuwa makirufo. Baitin yana nan gaba ɗayansa.

Ba kullum nake ƙure sautin ba. Kuma ban kira Ustaz na tambaye shi hukuncin wannan ba.